Ƙwayar da Ta Ƙi Wankuwa

Zuwa ga Autata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yaran. Mu nan alhamdu lillahi. Yayanki ya gyara rufin ɗakin baya, gwiwata kuma tana nan tana kuka kamar tsohuwar ƙofa. Sai dai mahaifiyarki, ita ce dalilin rubutun, don haka ki nemi wuri ki zauna tukuna.

Kin san ciwon cikin nan da take ɓoyewa. Da jini ya fara fita, likita ya ce sai an zura siririn tiyo mai kyamara an leƙa hanjinta. Aka ba ta ruwan wankin ciki, aka ce kada ta ci komai. To, innarki, yayarta, ta zo taya ta zama, ta ga ƙanwarta tana layi don yunwa, sai ta yanka mata gwaiba, wai ai gwaiba ba abinci ba ce. Suka ci, suka yi gum.

Asibitin suna da wata na'ura da aka yi ta nuna wa hotunan hanji har ta koyi gane ciwo, ƙirƙirarriyar basira suke ce mata. Duk abin da hankalinta bai kwanta da shi ba, sai ta zana masa koren akwati a allo. Ranar gwajin ni ina benci a waje, idona a kan ƙofa. Da likita ya fito bai yi mini murmushi ba. Ya ce na'urar ta yi ta zana akwatuna, shi kuma yana fesa ruwa, 'ya'yan gwaiba suna wucewa, akwatin ya ɓace. Amma akwai guda a wani lungu, ya fesa, ya ƙara fesawa, ko gezau. Ashe ƙaramin tsiro ne. Ya ce ba don na'urar ba, cikin wannan datti da wataƙila idonsa ya tsallake shi. Bai cire ba don wurin bai wanku ba. Dole ta koma, kuma kada a ja lokaci.

Ita kuwa ta rantse ba za ta sake kwanta wa na'urar da ba ta san bambancin gwaiba da cuta ba. Na yi lallashi, na yi faɗa, innarki ta yi kuka, duk a banza. Ni dai na san ba na'urar take tsoro ba, abin da za a gaya mata ne. Jiya na tarar tana ware zannuwanta, tana faɗin wa za a bai wa wanne. Na tsakiya mai ruwan zuma naki ne.

Auta, ke kaɗai take ji. Ki kira ta, ki ce ba kya son zanen, ita kike so. Innarki kuwa na riga na gaya mata, ranar komawa ta yi zamanta a gidanta.

Ki gaida maigidanki, da surukarki, da amaryata ƙarama mai giɓi. Yayanki da matarsa suna gaishe ku. Kada ki bari sai gobe.

Naki,
Babanki