Igbon da Baba Ya Amsa

Zuwa ga Yaya Hauwa,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya jikinki, yaya maigidan da su Ummi? Yaya damina a Zariya? Mu nan Fatakwal lafiya lau.

Kin san yadda Baba ya ajiye teɓa tun da cinikin albasa ya buɗe masa a Mayil Tiri. Likita ya ce sai an yi masa aiki an rage kitsen cikin, ni nake raka shi ina yi masa tafinta. Nas ta tambaye shi da Turancin Broka ko yana taɓa igbo. Baba ya ɗauka yaren take nufi, ya washe baki ya ce, "Simol-simol!" wato kaɗan-kaɗan. Ita kuwa wiwi take nufi, haka suke kiransa a nan.

Har na buɗe baki zan gyara, sai ta ce kada a ɓoye, mai shan wiwi allurar barci ba ta kama shi sosai. Na tuna ganyen wiwin da yake jefawa a shayi saboda ciwon gwiwa. Yaya, sai na ce mata gaskiya ne, kullum ma.

An ɗaga aikin sai ya daina. A hanya ya ce, "Ke Binta, wane munafuki ne ya kai ƙarata?" Na sunkuyar da kai na ce, "Kai ne, Baba." Bai ƙara tanka mini ba har gida, amma ya ba Inna ƙullin ganyen ta zubar.

Ni dai ban yi nadama ba. Ki sa shi a addu'a, ki gaida Goggo.

Ƙanwarki,
Binta