Mun Ɓoye Amalanke Cikin Hatsi

Dakoro, tsakiyar damina

Zuwa ga taubashina Habibu ɗan Gwaggo Hawa, mai haƙar zinariyar da har yau ba mu ga ƙyallinta ba.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina gajiya, ina zaman daji? Yaya ƙafar nan da ka ce ta kumbura? Allah ya sa ta sace. Mu nan lafiya lau. Gwaggo tana gaishe ka, Innata ma haka. Tun da wurin naku babu rezo na waya, na ba Sha'ibu direba wannan takarda. Ka yi haƙuri da ajamina, ka san tun a makarantar allo rubutuna kamar kaza ta yi tono yake.

Ka tambaya ko maganar aikin da na ce zan nema maka a atiliyenmu na ƙira tana nan. Tana nan, amma tsaya ka ji yadda ake ciki. Kamfaninmu Yatsa Biyar abu biyar yake yi. Sabulu da man gyaɗa da butocin roba da katifa duk a luzin, babbar masana'antarmu ta Maradi, ake yin su, sai mu nan Dakoro masu ƙarfe, muna ƙera amalanke da garma. Mu ne ƙaramin yatsa, ba a tuna mu sai za a sosa kunne.

Duk bayan wata uku manyan Maradi kan zauna su duba abin da kowane reshe ya ci da abin da ya kawo, su kuma faɗi yadda suke hangen wata ukun gaba. Bilan suke ce mashi. In takardar ta zo, Baba Na'Allah shugaban atiliye ya tara mu gindin dogon yaro, Mamani da ya yi lakkol, wato boko, ya juya mana ita da Hausa. Ta wannan karon ba ta yi daɗi ba. Sabulu ya yi gaba, don ko yunwa ake yi sai an yi wanki. Mai ya ja baya saboda tsadar gyaɗa. Buta da katifa suna nan jiya i yau. Mu kuwa mu ne ƙanzon tukunya. Tun da hanyar teku ta rikice ƙarfe ya yi tsada, wutar lantarki kuma ta zama baƙuwa, ta leƙo ta gaishe mu ta koma. Can ƙarshen takarda suka ce za su aiko mutum ya zaga rassa duka, ya ga wanda ya kamata a ƙara ma ƙarfi.

Wannan magana ta ƙarin ƙarfi ita na riƙe. Kai ɗan ƙasar nan ne, ka san yadda ake tarbar farar mota. Ka tuna shekarar da ƴan puroje masu rabon agaji suka zo Korahane, Gwaggo ta kora awakinta gidan maƙwabta, ta ɗaura tsohon zane ta zauna bakin rumbu, aka rubuta ta cikin masu samun buhu? Wanda ya nuna yana da shi ba a ba shi. Na ce ma Baba Na'Allah injin waldarmu ya tsufa, gurup mai ba da wuta ba mu da shi, in baƙo ya tarar da fili cike da kaya zai ce lafiyarmu ƙalau, ya wuce da alherin wurin masu sabulu. Ga shi tun faɗuwar ruwa muke ƙera amalanke muna jerawa, muna jiran kaka lokacin da manoma ke saye. Na ce mu ɓoye su kafin ya iso. Baba ya jima yana shafa gemu. Dama shi ba ya son a ƙirga mashi kaya gaban baƙo, tsoron baki yake yi. Daga ƙarshe ya ce a yi.

Hatsin gonarshi da ke bayan katanga ya wuce kan mutum. Muka dinga tura amalanken ciki, kara na karyewa, Baba na kawar da kai. Sauran muka raba gidajen unguwa.

Baƙon ashe mace ce, Madam Nuriyya, kwantabul mai lissafin kuɗin kamfani, mai tabarau da sanyin murya. Ta tambayi ina ƙarfen da aka aiko mana ya shiga. Kafin Baba ya buɗe baki, ni na karɓa. Da ka ga taubashinka ranar, da ka ba ni sadaka. Na sa rigar nan tawa da ɓera ya ci, na shafa mantaleta ƙarƙashin ido. Na ce injinmu ƙona ƙarfe yake yi, rabin abin da aka aiko ya lalace. Na ce mutanen Dakoro ko hauya ba su iya saye bana, balle amalanke. Hawaye na zuba, tana rubutu. Ta tambayi sunana, ta ce Allah ya yi mani albarka da na faɗi gaskiya. Motarta na shan kwana muka fashe da dariya, har Mamani ya faɗi daga kan benci.

Abu guda ne ya ɗan tsaya mani. Ba ta tambayi irin injin da muke so ba. Tambayarta ita ce filin na kamfani ne ko haya, kuma mu nawa ne ke karɓar albashi. Wataƙila haka aikinsu yake. In gurup ya zo za a ƙara hannu, sai ka bar cin ƙasa ka dawo gida.

Ka gaida abokan raminka. Allah ya sada mu da alheri.

Naka, ubangidanka,
Rabo

Dakoro, farkon kaka

Zuwa ga ɗan'uwana Habibu.

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina haƙuri da nisa? Na ga amsarka, na ji ƙafa ta yi sauƙi, alhamdu lillahi. Gwaggo ta ɗan yi zazzaɓi amma ta tashi, jiya har ta je sussuka. Ka ce ka karanta ma abokanka labarin mantaleta sun yi ta dariya. Wannan kada ka karanta ma kowa.

Kada ka taso, Habibu. Ka zauna inda kake.

Bilan ɗin watannin damina ya zo. Muka taru gindin dogon yaro kamar kullum, ni har ina tsokanar Mamani ya yi sauri ya kai wurin gurup. Ya karanta sabulu, ya ƙara gaba. Mai ya fara farfaɗowa tun da sabuwar gyaɗa ta shigo. Buta ta ɗan motsa, katifa tana kwance, dama aikinta ke nan. Da ya zo kanmu sai ya koma karantawa a zuci. Baba ya ce ya faɗi ko mene ne. Ya ce an rubuta cewa wakiliyar kamfani ta gani da idonta reshen Dakoro yana cin ƙarfe ba ya fid da kaya, kuma ma'aikatan da bakinsu sun shaida babu kasuwa a ƙasar. Don haka a wata ukun da ke tafe kamfani zai tattara ƙarfinsa kan abin da ke kawo riba. Ƙarshen wata za a rufe mu.

Ba wanda ya dube ni. Da sun zage ni da na samu abin riƙewa.

Washegari Baba Na'Allah ya shiga motar Maradi da hotunan amalanken cikin wayar Mamani. Ya yini kan benci kafin darakta ya gan shi. Da ya nuna hotunan, darakta ya tambaye shi, kayan kamfani da aka ɓoye ma wakilin kamfani aka ce sun ƙone, mene ne sunan wannan a Dakoro? Baba ya yi ƙoƙarin yi mashi bayanin farar mota da ƴan puroje. Mutumin ya ce su ba sadaka suka zo rabawa ba, reshen da ya nuna zai iya tsayuwa shi suke zuba ma kuɗi. Ya ce maganar rufewa an riga an kai ta banki, an ƙulla lissafin gaba a kanta, ba ta komawa. Har ya ambaci jandarma. Baba ya ce shi kaɗai ya ba da umarni, yaran bin shi suka yi. Saboda furfurarshi aka bar maganar jandarma, amma an soke kuɗin sallamarshi. Tun kafin a haife mu yake ƙona idonshi a atiliyen nan.

Na je gidanshi na ce zan tafi Maradi in faɗi wanda ya kawo shawarar. Yana zaune yana gyaran igiyar guga, bai ɗago ba. Ya ce yaro kan kawo magana, babba ke cewa a yi, kuma shi ya ce a yi. Ya ce in na je an ƙara mutum guda cikin masu laifi, ba a rage ko guda cikin masu yunwa ba. Sannan ya sa aka kawo mani fura. Na sha, Habibu, don ban san yadda zan ƙi ba.

Abin da ya fi cin rai shi ne bana hatsi ya yi, wake ya yi. Mutanen Ɗan Gulbi da Sabon Maci suna ta zuwa da jakunansu neman amalanke, irin zuwan da muka yi damina muna jira. An hana mu sayar da ko ɗaya. Ranar kasuwa babbar mota ta zo daga Maradi, mu da muka tura su cikin gona mu muka loda su, masu saye na tsaye suna kallo. Wani tsoho ya tambaye ni ko an sayar ma gwamnati ne. Na juya na ci gaba da lodi.

Matar Mamani ta haihu, namiji. Na je suna, na miƙa mashi hannu, ya ba ni ƴan yatsu yana kallon wani wuri. Ragon da ya yi wata da watanni yana kiwo don ranar bai yanka shi ba, ya sayar, aka yanka ɗan akuya.

Inna tana tambaya ko ciwo nake yi, wai ta daina jin ƙarata daga maƙwabta. Ka sa ni cikin addu'a.

Ɗan'uwanka,
Rabo

Dakoro, bayan an gama ɗaurin damma

Zuwa ga Habibu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kana lafiya, kai da duk wanda ke tare da kai. Saƙonka ya iso hannun Gwaggo, ta sa maka albarka. Na ga abin da ka ce, in zo mu haƙa tare tun da dama ƙarya ba ta ƙona rami. Na gane so kake in yi dariya. Na gode.

An rufe. Sun kwashe injin walda da abin lanƙwasa ƙarfe, har bencin da muke zama. Filin da katangar na kamfani ne, sun ce ba za su sayar yanzu ba sai sun ga yadda wata ukun gaba zai kasance, don haka suna son mai gadi guda. Madam Nuriyya da kanta ta bugo waya ta ce a ba yaron nan Rabo. Ta ce duk cikinmu ni kaɗai na dubi idonta na yi magana, kuma ta san manya ne suka tilasta ni in faɗi abin da na faɗa. Mu tara ne muke ci a wurin nan, ni aka zaɓa.

Na ce ba na so. Na kwana biyu ina cewa ba na so. Inna dai ta ci gaba da auna hatsin tuwo da ƙaramar ƙwarya maimakon babba, ka kuma san gonarmu tafin hannu ce. Na koma wurin Baba Na'Allah ina fata ya hana ni. Ya ce in karɓa, in na ƙi baƙo za su kawo daga Maradi, gara ɗan gida ya ci. Na karɓi makulli.

Sauran sun watse. Biyu sun yi Agadas, wasu sun koma ƙauye. Mamani ya bar jaririnshi ya biyo motar Sha'ibu, wurinku ya nufa, wataƙila ma shi zai miƙa maka wannan takarda bai san ta wa ce ba. Don Allah ka karɓe shi. Ka nuna mashi ramin da ba ya rufta ma mutane, ka raba ruwanka da shi. Bai saba da wahalar daji ba, ɗan lakkol ne. Kada ka ambaci sunana gabanshi, kada kuma ka ce ni na roƙe ka.

Aikina yanzu in buɗe ƙofa, in share ganyen dogon yaro, in zauna. Har yanzu akan samu mai jaki ya zo daga nesa bai ji labari ba, in gaya mashi ya tafi Maradi. An ce can suna sayar da amalankenmu da tsada, kuma sun ƙare. Wataƙila a bilan mai zuwa a rubuta cewa ƙarfe ya kawo riba. Ko an aiko takardar babu mai karanta mani.

Baba Na'Allah ya samu gefe a rumfar wani maƙeri a kasuwa, yana gyaran hauya da lauje da gawayi da zuga-zugi, aikin da ya bari tun yana saurayi. Idonshi ba ya gani sosai, shekaranjiya na ga tsumma ɗaure a babban yatsanshi. Hanyarshi ta kasuwa ta ƙofar atiliye take bi. Akwai wata hanyar ta bayan masallaci, na yi ta fata ya riƙa bin ta, bai canza ba. Kowace safiya sai ya tsaya da buhun kayan aikinshi a kafaɗa, ya yi mani sallama, ya tambayi Inna, sannan ya ce mani ina aiki. Ba gatse a muryarshi, na saurara na nema ban samu ba. Ni kuma in durƙusa, da makullin atiliyenshi cikin aljihuna, in ce aiki da godiya.

Ka gaida Mamani a zuciyarka. Allah ya tsare ku, ya dawo da ku lafiya.

Ni ne,
Rabo