Mijina Ya Hana Ni Mayar Da 'Yata Wurin Da Ta Fara Magana

Wata 'yar uwa ce ta turo daga Lome, ta roƙa a ɓoye sunanta. Wanda zai ba ta amsa ya yi da tausasawa.

Assalamu alaikum mutanen wannan gida, Allah Ya saka wa admin da alheri da ta yarda ta ɗora min wannan. Don Allah shawararku nake nema, kuma ku yi haƙuri da tsawon rubutun, na rasa ta inda zan gajarta shi. Sunayen da zan ambata duk na canza su, saboda a Zongonmu idan ka faɗi sunan yaro ɗaya an gane gidan gaba ɗaya.

Ni matar aure ce, a nan aka haife ni, kakanninmu ne suka zo daga Najeriya. Ina sayar da atamfa da mayafai a kasuwar Asiyeye, mijina kuma yana da shagon tayoyi a bakin babban titi, inda manyan motocin da ke tafiya arewa suke wucewa. Allah Ya ba mu yara biyu, Safiya mai shekara goma da ƙaninta Mubarak. Bara, gab da azumi, Mubarak ya rasu yana da shekara huɗu. Na aike su sayen koko da ƙosai da safe kamar yadda suka saba, mota ta buge shi a gaban yayarsa. Ina cikin wanki aka shigo da gudu aka faɗa min, kafin mu isa asibiti rai ya yi halinsa.

Tun daga ranar Safiya ta zama wata daban. Yarinyar da a da muke tsokana da rediyo, wadda har kwastomomina sun san surutunta, ta koma ba ta cewa komai sai eh da a'a, wani lokacin ma kai kawai take kaɗawa. Ta koma fitsarin kwance, abin da ta bari tun tana ƙarama. Idan muka zo tsallaka titi sai ta ƙame wuri ɗaya, sai na ɗauke ta cak da girmanta. Surukata, Hajiya, da muke gida ɗaya da ita, ta ce firgita ce, kuma mai firgita iska ke saurin shiga jikinsa. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, aka kawo malami ya yi mata ruƙiyya. Wallahi ban raina ko ɗaya ba, ni da hannuna nake ba ta rubutun, amma ban ga canji ba. A gidan kuma ba wanda yake ambaton sunan Mubarak. Mijina ya tattara kayansa har da takalman sallarsa ya bayar ba tare da ya tambaye ni ba, Hajiya kuma idan ta ga idona ya yi ja sai ta ce in yi istigfari, kuka jayayya ce da hukuncin Allah. Mijina ba mugu ba ne, ku fahimce ni, bai taɓa ɗaga min hannu ba, bai bar mu da yunwa ba. Amma ya zama kamar baƙo, daga shago sai masallaci, idan Safiya ta gaishe shi sai ya amsa yana kallon ƙasa.

Malamarsu ta lekol, wato makarantar boko, ita ce ta kira ni, ta ce Safiya tana wuni tana kallon taga, ba ta rubutu, ba ta wasa da kowa. Ta ce akwai wani wuri a unguwar Kakabeli da wata ƙungiya ta buɗe, inda ake sauraron yara da iyayen da wani abu mai nauyi ya same su. Na ce mata 'yata ba mahaukaciya ba ce. Ta ce ai ba wurin mahaukata ba ne, in je in gani da idona. Da na faɗa wa mijina ya ce addu'a ta ishe mu, maganar ta mutu a nan. Na yi ta juyayi, daga ƙarshe na fara kai ta ranar Laraba da yamma tunda ba lekol, in ce masa za mu gidan yayata a Amutibe. Na san ƙarya na yi, ba sai an faɗa min ba.

Wadda take ganin Safiya wata mata ce da zan kira Madam Afi. Ba ta jin Hausa, da Faransanci da yaren Mina muke magana. Ɗakinta ba gado ba allura, tabarma ce da 'yan tsana da yumɓun wasa. Zuwan farko Safiya ba ta ce uffan ba, Madam kuma ba ta matsa mata ba, ta zauna kusa da ita tana mulmula yumɓu kawai. Har na fara cewa a raina wahalar banza nake yi. Sai wata rana a hanyar dawowa, muna jiran zemijan, wato ɗan acaɓa, Safiya ta ja mayafina ta ce, "Mama, ina son soyayyiyar ayaba." Ba za ku gane ba, wata da watanni ban ji ta haɗa magana cikakkiya ba. Na saya mata, tana ci ina share hawaye da gefen mayafi don kada ta gani. Daga nan fitsarin kwancen ya ragu, ta fara yi min hirar lekol kaɗan kaɗan.

Sai wata Laraba Madam ta leƙo ta ce in shigo, Safiya tana son in ji wani abu. Yarinyar ta juya min baya tana fuskantar bango, ta yi maganar da Faransanci, ta ce da Hausa ba za ta fito ba. Ta ce ranar tana riƙe da hannun Mubarak sosai, sai Babansu ya hango su daga ɗaya gefen titin a ƙofar shago, ya ɗaga wa Mubarak hannu yana masa dariya yana kiran sunansa. Mubarak ya fizge ya ruga wurinsa. Ta ce da Baba ya ɗauko shi daga ƙasa, ya juyo ya kalle ta ya ce, "Me ya sa kika sake shi?" Ta ce tun daga ranar ta san Baba ya tsane ta, shi ya sa ba ya kallonta. Sannan ta sa na yi mata alkawari ba zan faɗa masa ta faɗa ba.

'Yan uwa, ban san yadda na iso gida ba ranar. Ni duk wannan lokacin ban san ma yana wurin aka yi ba, ce min aka yi kiransa aka yi daga shago. Na kalle shi yana cin tuwo da yamma, zuciyata ta kasu biyu, rabi tana son in shaƙe shi in ce kai ka kira shi sannan ka ɗora wa yarinya, rabi kuma tana tausayinsa, don sai lokacin na gane abin da yake hana shi kallonta. Na tashi na kwashe kwanuka. Dama kafin mu taho Madam ta ce min a yadda take gani shi ma uban yana cikin ciwo, kuma yarinyar ba za ta warke yadda ya kamata ba sai ta ji daga bakinsa cewa ba laifinta ba ne. Ta ce in yi ƙoƙari in zo da shi, akwai namiji abokin aikinta, Musulmi ne ma, da zai iya zama da shi idan ba ya son magana da mace.

Ban kai ga samun hanyar faɗa masa ba, wani ɗan zemijan da yake gyaran taya a shagonsa ya ce masa ya sha sauke mu a wurin masu ciwon kai. Ranar na ga ɓacin ran da ban taɓa gani a fuskarsa ba. Bai yi ihu ba, da ya yi ma da ya fi min. Ya ce na ci amanarsa, na kwashe sirrin gidansa na kai wa baƙuwar da ba ta san addininmu ba. Ya ce Zongo ba a mantuwa, nan da shekara goma idan wani ya zo neman auren Safiya za a ce ai ita ce aka taɓa kaiwa wurin masu taɓin hankali. Hajiya ta goyi bayansa, ta ce mu da muka yi lekol mun ɗauka komai sai an je an zauna gaban tebur an tona ciki, ita ta binne 'ya'ya uku ba wanda ya saurare ta kuma ga ta nan a raye. Na ce masa ya duba yarinyar ta fara dawowa, ya ce addu'ar da ake yi ce ta fara aiki. Ƙarshe ya ce idan na sake taka ƙafata wurin bai yafe min ba, duniya da lahira. Kun san nauyin wannan maganar a kan mace. Maganar da Safiya ta faɗa tana bakina, na haɗiye ta.

Na je wurin malamin islamiyyar su Safiya, dattijo ne mai fahimta. Ya ce neman irin wannan taimakon bai saɓa wa addini ba, ciwon zuciya ciwo ne kamar na jiki. Amma ya ce shi ba zai shiga tsakanin mutum da iyalinsa ba sai in mijin ne ya kawo maganar, ya ba ni haƙuri ya yi mana addu'a. Yayata ta ce in ci gaba da kai ta a ɓoye, ta wata hanyar, duk abin da zai faru ya faru. Mahaifiyata ta ce in rufa wa kaina asiri in bi mijina, yara suna mantuwa. Madam Afi ta kira ni ta ce ƙofarsu a buɗe take, za ta iya zuwa gida ma idan an yarda, amma ba za ta ƙarfafa min in riƙa saɓa wa mijina a ɓoye ba, don yarinyar ce za ta ƙara shiga tsakiya.

Yanzu Safiya ta koma gidan jiya, har ta fi da. Ta ji rigimar duka, ta ɗauka ita ce ta sake jawo wani abu. Abinci sai na zauna na yi ta lallashi, gashinta na gefe ɗaya duk ta tsige shi da hannunta. Shekaranjiya ina yi mata kitso don in rufe wurin, ba tare da ta juyo ba ta ce, "Mama, da ni motar ta ɗauka, da Baba ya fi samun sauƙi ko?" Kum ɗin kitson ya faɗi daga hannuna. Na rungume ta na ce kada ta ƙara faɗin haka, amma na san ba daga bakina take son ji ba.

To ga ni nan. In faɗa masa abin da ta faɗa, in karya alkawarin da na yi mata, alhali ni kaɗai ce na rage wadda take yarda da ita? Kuma idan na faɗa masa na san shi ya kira yaron, ban san me zai zama ba, mutumin da yake tafiya da ƙyar a haka. In mayar da ita wurin Madam in ɗauki rashin yafiyarsa? Ko akwai wadda mijinta ya taɓa ƙin irin wannan wurin daga baya ya yarda, ta yaya kika shawo kansa, wa kika tura masa? Maza na wannan gida, ku ma ku yi magana, ku kuka san ta inda ake shiga zuciyar ɗan uwanku.

Tana nan kwance a cinyata ina wannan rubutun. Ta tambaye ni wa nake rubuta wa haka da yawa, na ce mata mutanen da za su taimake mu ne. Don Allah kada ku bari ya zama ita ma ƙarya na yi mata.