Kwabo Mai Huda Daga Firimantil

Ya Abu Sundus, mijina Mahmudu, sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan baƙaƙen duwatsun Harra suka ɗauki zafi, dabinona na ajwa wanda ba ya gundura, ƙamshin na'ana'ar da ke tashi daga shayina, aminci ya tabbata a gare ka a can ƙarshen duniya inda ka je ka zauna. Ina gaishe ka gaisuwar matar da ta yi kewa har ta gaji, ta ɗan huta, ta sake ɗorawa daga inda ta tsaya. Gidanka na nan yadda ka bar shi, sai dai ya yi mini faɗi. Sundus tana lafiya. In na yi mata Hausa sai ta amsa da Larabci, amma sunanka kam da kowane harshe take kiransa.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a zamanin jawwal, wayar hannu. Na sha ɗauko wannan magana a waya, amma kai mutum ne mai daɗin baki. Da na buɗe baki sai ka sako labari, in shagala, mu yi sallama ban faɗi komai ba. Takarda ba ta da kunnen jin labarinka, shi ya sa na zaɓe ta. Abokin aikinka Abdulmajid, wanda ya zo Umra ya kawo mini saƙonka, shi zai miƙa maka ita tare da dabino da yajin da Umma, mahaifiyata, ta daka maka.

Kana tuna ranar da ka kai ni Yanbu, muna sababbin aure? Na tsoma ƙafata a teku ina kiranka, kai kuwa ka tsaya can nesa riƙe da takalmana, ka ce kai ɗan tudu ne, ruwan da ya wuce na alwala ba naka ba ne. Muka zauna muna kallon manyan jirage suna fita, iska tana wasa da gefen shimagi, ƙyallen da ka yafa a ka, ka ce kana tausayin duk wanda ke cikinsu, don ba ka ga abin da zai raba mutum da Madina ba sai ƙaddara. Na dube ka a lokacin na ji kamar an zuba mini ruwan sanyi a ƙirji, na ce a raina Allah Ya ba ni mijin da ba ya tafiya. Ina wancan mutumin yake yanzu, habibi? Wa ya koya masa son teku?

Da kamfaninku na nama ya tura ka Ostireliya duba yanka a mayanka, ka ce mini shekara ɗaya ce. Shekarar ta cika, aka sabunta kwantiragi. A tsakanin nan ne ka gano tsohon kurkukun nan na garin Firimantil da kake zuwa ranar hutunka, ka dawo kana cika mini waya da labarin fursunonin da Turawan Ingila suka riƙa korowa can a jirgin ruwa. Kai da bakinka ka fassara mini wannan korar da tarhil, wato tasa ƙeyar baƙi, kalmar da ka san yadda take kaɗa hanjin mutanen unguwarmu, mu da muka ga an ɗauke maƙwabta marasa takarda an bar tukunyarsu a kan wuta.

Ban ƙi labaran ba, wallahi na so su. Na yi hawaye saboda makiyayin nan da yunwa ta sa ya yanka tunkiyar maigidansa, aka yanke masa hukuncin rataya, daga baya aka sassauta aka mayar da shi kora. Na ji haushin akawun da ya kwaikwayi sa hannun wani, amma da ka ce mahaifiyarsa ta bi keken fursunoni da gudu har ta faɗi, sai haushin ya tafi. Ka gaya mini na telan da ya sayar da kwat ɗin da aka kawo masa gyara, da na sojan da ya mari hafsansa, da na wanda ya cinna wa tarin ciyawar mai gona wuta don an hana shi aiki. Ka ce wasu ɓarayi ne na gaske, wasu ma sun zubar da jini, amma da yawa talauci ne kawai ya kai hannunsu inda bai kamata ba. Ka kwatanta mini tsofaffin jiragen da aka ɗaure a kogi aka mayar kurkuku, da watannin da suke yi a cikin teku, da mari a ƙafa, da bulala, da yadda suka fasa dutse suka gina kurkukun da za a kulle su da hannunsu. Idan kana faɗi sai in riƙa cewa a raina mijina yana jin zafin baƙunta, yana son gida.

To amma ni mace ce mai sauraro, Abu Sundus, kuma na lura lokacin da labaranka suka yi kwana. Mari ya ɓace daga bakinka, bulala ta ɓace. Sai ga makiyayin nan an yi masa ɗaurin talala, yana yawo da takardar izini yana kiwo da lada, har ya mallaki garken da ya fi na wanda ya kai shi ƙara. Sai ga akawun ya zama malamin makaranta, yara suna gaishe shi a hanya. Telan ya buɗe shago, jikokin jikokinsa yau suna alfahari da shi. Ka ce wanda aka yanke wa shekara bakwai, in ta cika, da wuya ya koma, wasu don ba halin tafiya, wasu don an yafe musu bisa sharaɗin kada su sake taka Ingila, wasu kuwa don sun ga inda suke ya fi inda suka baro. Ka faɗi wannan na ƙarshen a hankali, kana jan sa, kamar mai gwada zafin ruwa da yatsa kafin ya yi wa jariri wanka. Tun daga ranar hankalina bai kwanta ba.

Me ya sa duk labarinka yanzu yake ƙarewa da mutumin da ya zauna? Me ya sa kake gaya mini sanyin garin, da tsaftar titi, da masallacin da kuke Juma'a, da makarantar da ka ce yara ba sa son tashi daga cikinta? Labarin matattun Turawa kake ba ni, ko kuwa kunnena kake horarwa? Ban ce akwai wata mace ba, kada ka yi saurin rantsuwa. Da ma mace ce, da na san da wa nake yi. Abin da nake zargi ya fi mace girma, ƙasa ce sukutum ta shiga tsakanina da kai.

Ana cikin haka sai ga Abdulmajid da ɗan ƙunshinka. Na buɗe a gaban Umma, don ban ga abin ɓoyewa a kyautar miji ba. Tsohon kwabo ne na jan ƙarfe, ka goge fuskarsa ta yi sumul, ka zana sunana da tsinin ƙusa, ka zana zuciya a ƙarƙashi, ka huda shi ka sa masa zare. Abdulmajid ya ce makonni ka yi kana aikinsa, kuma haka fursunonin suke yi wa masoyansu kafin jirgi ya tashi. Na ga wahalar hannunka a jikinsa, na ga inda ƙusar ta kuɓuce maka a kan harafin ƙarshe, kuma da ni kaɗai ce a ɗakin da na sumbace shi. Amma Umma tana ganin hudar da zaren sai ta ajiye kofinta, ta yi salati, ta tambayi bawan Allah ko akwai takardar saki a cikin ƙunshin. Ya ruɗe, ya tashi bai gama shan gahawarsa ba.

Abdulmajid bai san abin da kwabo mai huda yake nufi a gidanmu ba, amma kai ka sani. Ka san Sidi Mu'azzam, kakana, da ya baro ƙauyensu a ƙasar Katsina da ƙafa zai zo Hajji, ya zare kwabo mai huda ya sa a zare, ya rataya wa matarsa Hawa a wuya, ya ce ta riƙe masa har ya dawo. Hanya ta ci shekaru, ya yi ƙodago a gonakin audugar Sudan, ya ƙetare ruwa, ya sauke farali, ya zo ziyara Madina ya ce shi ba zai bar maƙwabtakar Manzon Allah ba. Ya auri Sitti, aka haifi Umma. Sai bayan ya tsufa wani alhaji ɗan garinsu ya zo ya gaya masa Hawa ta rasu ba ta sake aure ba, kuma masu wankan gawarta ne suka cire kwabon daga wuyanta. Kana zaune ranar da Umma ta ba da wannan labari a gonar dabino a Khaibar, kai ne ma ka ce Allah Ya jiƙan Hawa, Sidi bai kyauta ba. Ni jikar matar da aka aura a ɗaya gefen teku ce, Mahmudu. Na san mutumin kirki, mai salla, mai tausayi, yana iya barin mace da alkawari a wuya ya je ya gina wata rayuwa, kuma ya kwana lafiya. Ba a littafi na karanta ba, daga nan na fito.

Shi ya sa nake juya kwabon nan a tafin hannuna ina tambayar sa. Mantuwa ka yi, son burge ni ya rufe maka ido? Ko kuwa ka tuna sarai, ka aiko shi ya faɗi abin da bakinka ya kasa? In mantuwa ce na yafe tun kafin ka roƙa. In saƙo ne, to ya iso, kuma ya yi ciwo.

Da abin ya ishe ni sai na sa ƙanwata Marwa, mai jin Turanci, ta binciko mini waɗannan mutanen naka. Duk abin da ka faɗa ta same shi, ba ka yi ƙarya ba. Ta ce kwabon ma gaskiya ne, kuma yawancin masu ba da shi ba su sake ganin waɗanda suka ba wa ba. Amma ta samo wani labari da ba ka taɓa ba ni ba. Ashe akwai matan da ba su zauna jira ba. Sun kai kukansu ga hukuma, sun nace, har aka sa su a jirgi da 'ya'yansu suka bi mazajensu. Ashe akwai fursunonin da abu na farko da suka nema bayan an sassauta musu shi ne a kawo musu iyalinsu. Marwa ta ce a wasu garuruwan, a farkon lamarin, har an ba wasu matan mazajen nasu a matsayin masu yi musu aiki, ta yi ta dariya tana cewa wannan ya dace da ni. Ni ban yi dariya ba. Kai da ka haddace laifin tela da na soja, kai da ka san irin dutsen da aka gina kurkuku da shi, ba zai yiwu a ce wannan ya wuce ka ba.

Ga asalin abin da ke cin raina, ya hasken gidana. In ƙasar ta yi maka, ba kai ne farkon wanda wata ƙasa ta yi wa ba, kuma ba zan kira ka maci amana don ka so wa 'yarka alheri ba. Abin da nake tsoro shi ne, a duk zaman da kake tsarawa a can, ba ka ajiye mini wuri ba. Wataƙila ka yanke mini hukunci a zuciyarka, ka ce Nadiya ba za ta bar Umma ba, ba za ta bar Harami ba, ba za ta yarda ta mutu nesa da Baƙi'a inda Sidi da Sitti suke kwance ba. Gaskiya ne barin Madina zai yi mini kamar cire haƙori ba allura, kuma ban san yadda zan dubi idon Umma in faɗa mata ba. Amma wannan nauyin nawa ne, ni ya kamata in auna shi. Ko fursunonin nan naka, sai da aka tsayar da su gaban alƙali aka ji ta bakinsu kafin a yanke.

Don haka ina roƙonka, don girman abin da ke tsakaninmu, ka daina aiko mini da matattu su yi maka magana. In za ka dawo, ka faɗi watan, in fara wankin labule. In zama za ka yi, ka buɗe baki ka ce Nadiya, zo. Na je ofishin jawazat na sabunta fasfona da na Sundus, suna cikin jakata, Umma ba ta sani ba tukuna. Ban yi don in tsorata ka ba. Na yi ne don idan ka yi shiru bayan wannan takarda, ya zama babu sauran uzurin da zan ƙirƙira maka.

Ni taka ce a Harra, taka ce a cikin jirgi, taka ce a ƙasar da ban iya harshenta ba. Ban taɓa ɗaga ido na dubi wani ba, kuma ba zan ɗaga ba har ranar da za a rufe shi. Ko ka kira ni ko ba ka kira ba, amanarka tana nan yadda ka bar ta. Amma ka kira ni, Abu Sundus.

Matarka mai sonka har abada,
Nadiya, Ummu Sundus
Harra ta Gabas, Madina