Itacen Fita Kunyar Baƙuwa

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Aikin Murhu Mai Rage Hayaƙi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ranka shi daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali da abokan aiki, ina roƙon ka yi haƙuri da wannan takarda da ta zo maka ta bainar jama'a. Ba haka na so ba. Sau uku ina hawa motar haya daga Bodinga zuwa ofishinku, sau uku maigadi yana tambayata ko an ba ni lokaci, ni kuwa ban san mai ba da lokacin ba. Mutumin kirki ne, a zuwa na uku har ruwa ya ba ni, ya ce in rubuta. To, ga shi na rubuta.

Sunana Bello, maƙeri ne ni a Bodinga, ɗan maƙeri, jikan maƙeri. Ni na ƙera murhunan da kwamitinku ya raba wa mata a Bodinga da Sifawa da Shagari da Lambara bara bayan girbi. Labari ya iso mini cewa kun dakatar da Injiniya Hajara, wadda ta zana murhun a kwamfuta, kun hana ta amfani da babbar kwamfutar ofis, kuma a zamanku mai zuwa za ku yanke hukuncin sallamarta saboda rahoto ya ce ƙirarta ba ta yi ba. Kafin ku zauna, ku ji daga bakin wanda ya yi ɓarnar. Ni ne.

Na farko, abin da na gani a kwamfutarta.

Ranar da ta fara zuwa maƙerata, gaskiya raina ta na yi. Na ce a raina, yau ga abin mamaki, yarinyar birni mai farin mayafi za ta koya mini wuta, ni da aka yaye ni a gindin zuga-zugi? Ta gaishe ni har ƙasa, ta share gefen benci, ta buɗe ƙaramar kwamfutarta. Sai ga murhu an raba shi biyu kamar an fasa duma, ga wuta tana ci a cikinsa, ja da rawaya da shuɗi, ga iska an yi mata zare-zare tana shiga ta ramuka tana murɗawa.

Ta yi mini bayani da Hausa, ba ta sa mini Turanci ko ɗaya ba. Ta ce kwamfutar tana yanka cikin murhun zuwa ƙananan ɗakuna da ba za su ƙirgu ba, a kowane ɗaki tana lissafa inda iska ta nufa, da ƙarfinta, da zafinta, da ko hayaƙin da ya iso wurin ya sami iskar da za ta taimaka a cinye shi. Ta ce hayaƙi abinci ne da wuta ba ta gama ci ba. Ta ce harshen wuta ba ya tafiya a miƙe, murɗawa yake yi, ya karye, ya sake haɗuwa, kuma wannan hargitsin ne ke gauraya iska da hayaƙi, shi ne kuma mafi wuyar lissafi. Babbar kwamfutar ofis takan yi kwanaki tana aiki kafin ta fitar da wutar da ido zai gama kallo cikin ɗan lokaci kaɗan.

Na ƙura ido, sai na ga wata kusurwa shuɗiya inda zaren iskar ke juyawa wuri ɗaya ba ya gaba. Na sa yatsana mai baƙin gawayi a kan gilashin, na ce nan wuta ba za ta kama ba, ko a maƙera haka irin wannan lungu yake. Ta yi dariya, ta ce wallahi shi ne wurin da ya dame ta tun makon jiya. Daga ranar na daina raina ta. Murhu uku muka gwada tare, tana matsar da ramukan iska da faɗin yatsa, ni ina huda su inda ta ce.

Na biyu, ƙaryar da muka yi mata.

Tun farko ta gaya mini cewa kwamfutar ba ta san komai ba sai abin da aka faɗa mata, don haka dole ta ga yadda matanmu ke girki da idonta, ta auna. Ta sa rana, ta ce in nemo mata gidaje biyar, da nawa a ciki.

Ranka shi daɗe, kai ma ɗan ƙasar nan ne, ka san yadda muke da baƙo. Gidan da ya yi wata bai ga nama ba zai yanka kaza ranar da baƙo ya sauka, kuma ba wanda zai kira wannan ƙarya. Mu da karan gero da karan dawa muke girki. Bayan girbi a tara shi a jingine bayan rumbu, a yi ta ja har ya ƙare, in ya ƙare a koma busasshen kashin shanu. Itace sai ranar suna ko biki. Da na tuna ɗiyar mutane za ta taso tun daga birni ta shigo gidana ta tarar da mai ɗakina Hauwa tana cusa kara a wuta, sai kunya ta rufe ni. Na je wurin abokina Mamman mai tsire, na ɗebo faskararren itace mai kyau, na raba wa gidajen nan biyar. Karan da ke tsakar gida kuwa na sa aka kwashe aka tura can bayan rumbu inda ido ba ya kai wa.

Ta zo da ma'auninta da wata waya mai auna zafi. Ta auna nauyin itacen, ta auna tsawonsa, ta ɗauki bidiyon wutar. Ina tsaye a bakin ƙofa na ji ta tambayi Hauwa, "Inna, da irin wannan itacen kuke girki kullum?" Hauwa ta ɗago ta dube ni, ni kuwa na gyaɗa mata kai. Sai ta ce, "Wanga icce shi ne, ɗiyata." A gida na biyu ta sake tambaya, a na uku ma haka, amsa ɗaya ta samu, don duk na riga na ja musu kunne. Ta rubuta a littafinta, muka cika mata jaka da albasa, ta tafi tana ta godiya. Abin da ta rubuta ɗin nan shi ta ba kwamfutarku.

Na uku, abin da ya biyo baya.

Murhun da ya fito murhun itace ne. Bakinsa ƙarami daidai faskare, ramukan iska a ƙasa. Kuma ina shaida maka a gaban Allah, da itace murhun nan ba shi da na biyu. Hauwa ta daɗe da ciwon ido, kullum ja, kullum hawaye, likita ya ce hayaƙi ne. A makon farko, da sauran itacen Mamman, ta tuƙa tuwo ta gama idonta a bushe. Ta fito tsakar gida tana ce mini in duba in gani, kamar wadda aka yi wa sabon ɗinki.

Sai itacen ya ƙare, aka koma kara. Kash! Kara ya fi mutum tsawo, bakin murhun ba ya ɗaukar fiye da uku ko huɗu. In ya kama, gaba ɗaya yake tashi fuu, harshen wutar ya fito ta baki ya lashi hannun mai girki. Kafin ruwa ya tafasa toka ta toshe ramukan ƙasa, wutar ta shaƙe, hayaƙi ya turnuƙe ɗakin girki fiye da na murhun duwatsu uku. Ɗaya bayan ɗaya mata suka ture shi gefe suka koma duwatsunsu. Tun ranar farko na san dalili. Na yi shiru, ina ta faɗa wa kaina wai ƙila su saba.

Na huɗu, kuma a nan kukana yake, masu dubawar da kuka turo.

Sun zo da farar mota, sun sauka wurin mai gari, sun zagaya sun ƙirga murhunan da suka tarar a sanyaye. A Lambara sun sami kaza ta kwanta kan ƙwai a cikin ɗaya, suka ɗauki hotonta, na ji hoton yana cikin rahoto. Kazar dai ta ji daɗin aikinmu, Allah shi ba ta lafiya. Amma haba, ranka shi daɗe, ba mace ɗaya da suka tsuguna suka tambaya me ya sa ta daina. Ba zan ɓoye maka ba, ƙila da sun tambaya da mun sake yi musu ƙarya, tunda su ma baƙi ne masu mota. To ko hannu su sa cikin murhun mana. Tokar kara daban take da ta itace, ba ta da nauyi, hura ta kaɗan ta tashi, duk matar ƙauye ta san wannan. Da sun taɓa sun tambaya tokar mene ce, da zancen ya fito tun a ranar. Maimakon haka suka koma suka rubuta cewa lissafin kwamfuta bai dace da ƙasarmu ba, aka ɗora wa yarinyar laifin.

Na biyar, abin da ita ta yi.

Bayan rahoton ya fita, wata Talata da hantsi sai ga ta a ƙofar gidana, ba sanarwa, a motar haya ta zo. Ta yi sallama ta shiga, ta tarar da Hauwa a durƙushe tana hura murhun da na ƙera, kara a hannu, hawaye har haɓa. Aka aiko mini maƙera na zo. Wallahi tun da nake ban taɓa jin nauyin ido irin na ranar ba, na kasa ɗaga kai. Ba ta yi faɗa ba. Abin da ta ce kawai, "Baba, da kun gaya mini." Daga nan ta jawo kujera ta zauna cikin hayaƙin, ta ce wa Hauwa ta ci gaba yadda ta saba. Ta auna karan, ta ɗauki bidiyon yadda yake tashi, ta ɗebi toka a leda. Har la'asar tana wurin, farin mayafin nan ya koma ruwan toka.

Kafin ta tafi ta ce mini abin zai gyaru. Ana bukatar baki mai faɗi, da wurin da toka za ta riƙa zubewa, ramukan iska kuma su koma sama ta gefe. Amma ta ce wutar kara ta fi ta itace hargitsi nesa ba kusa ba, ƙaramar kwamfutarta ba za ta iya lissafin ba, sai babbar ta ofis. Ta fara aikin ke nan kuka rufe mata.

Ni ma ban zauna ba. Na yanka bakin murhu ɗaya na faɗaɗa shi da ƙiyasin idona. Hayaƙi ya ragu kaɗan, amma zafin ya gudu ta bakin, tukunya ta ƙi tafasa. Na toshe, na sake hudawa, na lalata guda biyu. Ni wajen wuta nake gani, cikinta sai na'urar nan tata, na yarda da wannan ba tare da jin haushi ba.

Abin da ya sa na kasa haƙuri shi ne na ji yadda ta yi a gaban kwamitinku. An tambaye ta me ya faru, ta ce awonta ne bai cika ba, laifinta ne da ta je rana ɗaya tak, ranar da aka san da zuwanta. Ba ta ambaci sunana ba, ba ta ambaci matan ba. Mu mun yi mata ƙarya don mu rufa wa kanmu asiri, ita kuma ta rufa mana asirin da aikinta. Ina da ɗiya sa'arta. In na bari aka kore ta ina shiru, ban san da wace fuska zan ƙara zama a sahun gaba a masallaci ba.

Saboda haka ga roƙona.

Ɗaya, kada ku sallame ta. Ku kira ni zaman, in tsaya a gaban kowa in maimaita abin da na rubuta nan. Mamman mai tsire ma ya ce zai zo ya shaida itacensa ne.

Biyu, ku buɗe mata babbar kwamfutar ta ƙarasa lissafin wutar kara. In zanen ya fito, ni zan bi gida-gida in karɓo murhunan, har na ƙarƙashin kazar nan in ta ƙyanƙyashe, in gyara su da hannuna.

Uku, a gyara rahoton. A rubuta cewa maƙerin Bodinga ne ya ba da bayanin da ba gaskiya ba, kwamfutar kuma ta lissafa abin da aka ba ta daidai.

Huɗu, nan gaba in za ku auna wani abu a gidajenmu, kada ku sa mana rana. Ku turo mata su faɗo mana haka nan, su kuma leƙa bayan rumbu.

Jiya na sake zuwa ofishinku, karo na huɗu ke nan, amma ban nemi shiga ba. Na bar wa maigadi dami ɗaya na karan gero, ɗaure da igiyar kaba. Daga bayan rumbun da na ɓoye wancan na ɗebo shi. Hauwa ce ta ɗaure shi da kanta, ta ce in gaya maka ita ma ta nemi gafarar Allah a kan amsar da ta bayar, kuma mako ɗayan nan da ta yi girki idonta a bushe tana son ya dawo. Ina roƙon ranar zamanku a shigo da damin a ajiye shi a kan teburi inda kowa zai gan shi. Da shi muke girki, ranka shi daɗe, kullum da shi muke girki.

Allah shi ƙara maka lafiya da basira, shi sa ka yi hukunci da adalci, shi rufa maka asiri duniya da lahira fiye da yadda yarinyar nan ta rufa mana.

Wassalam.

Naka mai neman afuwa,
Bello Maƙeri, Bodinga.