Yadda Baban Hamdatu Ya Koyi Faɗin Farashi

Thamesmead, Landan,
14 ga Oktoba, 1996.

Zuwa ga Yaya Katumi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da Malam da yara. Allah ya ƙara wa Baba sauƙin ƙafar nan tasa, ya bar mana Inna. Mu nan lafiya lau, sai sanyi da ya fara shigowa. 'Yarki Hamdatu ta yi tsawo har ta kusa kamo ni. Hausa tana ji sarai, amma in na yi mata faɗa sai ta ba ni amsa da Turanci.

Yaya, yau da labari mai daɗi na zo, ki gyara zama. Kin san bara Baban Hamdatu ya ajiye aikinsa na kwamfuta a banki, ya buɗe kamfanin kansa a ɗan ɗakin da muke ajiye akwatuna. Abin da ya ƙirƙira wani tsari ne na kwamfuta don kamfanonin da ke aika kaya ta jirgin ruwa. Mutum ya danna lamba, ya ga inda kwantenarsa take, ba sai an wuni ana tonon fayil ba. Ranar da ya bar aikin ya yi mini alkawarin shekara guda. In ƙarshen Satumba ya zo bai sami mai saye ko ɗaya ba, zai rufe kamfanin ya koma neman aikin albashi. Kin san halinsa, in ya faɗi magana sai ya cika ta ko ransa ba ya so.

Aikin ba shi da aibu, duk wanda ya gani sai ya yaba. Matsalar mutumin naki ce. Ɗan Zariya ne ciki da waje, a rumfar mahaifinsa ya tashi, inda mai kaya ba ya fara yanka kuɗi. In Bature ya tambaye shi nawa ne, sai ya sunkuyar da kai ya ce su taya. A watan Yuni wani kamfani a wajen Woolwich ya taya, tayi mai kyau kuwa. Shi kuma ya yi abin da ya gada, ya girgiza kai a hankali, irin albarkar nan tamu, yana jiran a ƙara. Baturen ya yi masa godiya, ya rako shi bakin ƙofa. Sati uku yana gadin tarho, yana jiran su kira a ci gaba da ciniki. Ashe su sun ɗauka ba ya son sayarwa ne, tuni sun nemi wani. Da ya gane, kwana biyu bai ci abincin kirki ba, ni ma abin ya tsaya mini a rai.

To ni shekara shida ina aiki a shagon labule, na san mutanen nan. In ba su ga farashi a rubuce ba, gani suke akwai wata rufa-rufa. Na ce masa ilimin kwamfuta nasa ne, amma wannan darasin nawa ne. Na sa ya tsayar da farashi ɗaya, ya buga shi a takarda. Kullum in na dawo daga aiki sai in zama Baturiya a kicin, ina yanka albasa ina tambayarsa nawa ne. Abin da nake so kawai ya faɗi kuɗin yana kallon idona, sannan ya yi shiru. Shirun nan ne ya fi ba shi wuya. Da ya faɗa sai ya hau ba da haƙuri, wai ai ana iya ragewa, tun ban ce uffan ba. Har ludayi na taɓa ɗaga masa.

Saura kwana huɗu wa'adin ya cika, ya hau jirgin ƙasa daga Abbey Wood, ya tafi ofishin wata mata mai kamfanin aika kaya kusa da Charing Cross. Ya nuna mata aikin, ta tambayi farashi, ya miƙa takarda ya kuma faɗa da bakinsa. Ta ce ya yi tsada. Daga baya ya gaya mini a lokacin bakinsa har ƙaiƙayi yake yi ya ce ta ba da abin da ya sauƙaƙa. Amma ya daure, ya nuna mata irin lokacin da ma'aikatanta ke ɓatawa kowane mako wajen neman kwantena guda, ya ce farashin ke nan, ya ja bakinsa. Ta yi ta juya takardar a hannunta. Can ta ɗauki biro ta sa hannu, kwangilar shekara biyu, kuma a duk ofisoshinta uku.

Da ya dawo, Yaya, wallahi ko a fuska. Ya cire takalmi, ya ce an gode Allah, ya tambayi abinci. Sai da na zazzage jakarsa na ga takardar. Na shige kicin na sha kukana na farin ciki, don ban taɓa alfahari da mutum kamar ranar nan ba. Kamfani ya tsaya da ƙafarsa, wata mai zuwa ma zai ɗauki ma'aikaciyarsa ta farko, wata 'yar Jos mai suna Eunice.

Ki gaishe mini da Baba da Inna, da Malam, da Gwaggo Asama'u, da su Maje da Fatimah. Baban Hamdatu yana gaisuwa, ya ce in roƙe ki kada ki yayata, wai abin bai kai a yi ta faɗa ba. Ni kuwa na ce ki faɗa wa kowa. Ki fara da Kawu Issahaku, wanda ya ce mijina ya bar albashi ya zauna a ɗaka yana wasa da talabijin.

Allah ya sada mu da alheri.

Ni ce ƙanwarki,
Rukayatu.