Man shafawa huɗu a gwangwani ɗaya

Anti, don Allah ki taimake ni. Kaina ya ɗaure, kuma sati biyu kacal ya rage mini.

Ni mai fenti ne, shekarata goma sha tara a sana'ar. Ni ne auta a gidanmu, kuma Baba yana hannuna tun da ɓarin jikinsa ya shanye shekara biyu da suka wuce. Yana da ɗan ciwon suga kuma. Matata ta ɗauki girki da wanki da ba shi magani, ni na ɗauki wankansa, don ya ce surukarsa ba za ta gan shi a tuɓe ba, na kuma ga gaskiyarsa. Kullum da safe sai na gama da shi nake fita aiki.

Wata uku ke nan fatar ƙafafunsa, daga gwiwa zuwa idon sawu, ta bushe ta yi fari fat tana ɓarewa. Diddigensa ya yi faso. Yana sosawa da hannunsa mai lafiya har ya ji wa kansa ciwo. Da na faɗa wa 'yan'uwa, kowa ya zama likita. Babbar yayarmu ta aiko da wani farin mai daga kemis. Wana ya kawo ƙatuwar robar basilin. Matarsa ta kawo wani mai ƙamshi a kwalba marar rubutu, wai ƙawarta ce take haɗawa da kanta kuma yana sa fata sheƙi. Matata ta ce duk shirme ne, ta ajiye man kaɗanya. Kowa kuma in ya kira waya, kafin ya tambayi jikin Baba sai ya tambaya ko ana shafa nasa.

Ni ba na son ƙarya, ba na kuma son ɓacin ran kowa. Sai na samu gwangwani mai tsabta, na juye huɗun a ciki, na juya da sanda har suka zama kala ɗaya. Haɗa abu ai aikina ne. Tun daga ranar duk wanda ya tambaya sai in ce ana shafa nasa, kuma ban yi ƙarya ba.

Ga yadda nake yi, ko za ki gano inda na kuskure, don ni na duba na rasa. Ina masa wanka da ruwa mai zafi sosai, haka yake so. Sai in dirje ƙafafun da soso har duk abin da ya ɓare ya fita, don ba a shafa sabon fenti a kan wanda ya tashi. In goge da tawul, in zaunar da shi gaban fanka rabin awa har fatar ta bushe ƙarau, don duk mai fenti ya san danshi ne yake ɓata aiki. Sannan in yi shafin farko, in jira ya sha, in yi na biyu. Wallahi ko gidan mai kuɗi ban taɓa yi wa aiki da natsuwa haka ba. Amma ƙafafun sai ja suke ƙarawa. In ina shafawa Baba yakan cije leɓe ya kau da kai, in na tambaye shi ya ce babu komai.

Na zauna na karanta rubutun jikin man Yaya, na ƙara rikicewa. Akwai gilisarin, akwai yuriya, akwai wani wai shi hayaluronik asid. Asid ɗin da na sani shi ne wanda muke wanke siminti da shi a kan tayil. Shi ne yake ƙona Baba? Wani abokin aikina ya ce basilin toshe fata yake yi ya hana ta numfashi. Wani ya ce a'a, man kaɗanya ne ke jawo ƙuraje. Wa zan bi?

Ranar Asabar Yaya ta zo. Ta ɗaga wandon Baba ta duba, ta fita tsakar gida ta kira wana. Sun yanke cewa ƙarshen wata za ta tafi da shi gidanta. Gidan nata a hawa na uku yake, in ya hau ba zai sake saukowa ba sai dai in asibiti za a kai shi. A nan kuwa kullum da yamma nakan fito da shi ƙofar gida, abokansa biyu su zo su sha hira. Tun ranar Baba bai ci abincin kirki ba. Ni kuma kunya da tsoro sun hana ni faɗin maganar gwangwanin. Ban sani ba ko ni na lalata masa ƙafa, ko ciwon ne da kansa, ko kuma Yaya ce da gaskiya, ban iya riƙonsa ba. Ina son mahaifina, Anti. Me zan yi?

Auta mai fenti

AMSA

Ɗana mai fenti, Allah ya saka maka da alheri a kan hidimar mahaifinka. Ka iya riƙonsa. Kuskurenka ɗaya ne, ka bi fata da dokar bango, alhali kusan duk abin da bango yake so fata ba ta so.

Kafin komai, ka kai Baba wurin likita a satin nan, kada ka jira ƙarshen wata. Faso da ciwo a ƙafar mai suga ba abin wasa ba ne, kuma ni daga nan ba na ganin ƙafar. Ka tafi da robobin da kwalbar duka, ka faɗi abin da ka yi ba tare da ragi ba.

Abubuwan da suke cikin man shafawa aiki uku suke yi. Wasu suna jawo ruwa su riƙe shi a fata, su ne gilisarin da yuriya da hayaluronik ɗin da ya tsorata ka. Wannan ba ya ƙuna, jikinka ma yana yin irinsa. Wasu suna laushi da santsi, kamar man kaɗanya. Wasu kuma rufewa suke yi don kada ruwan ya tsere, basilin ne babbansu, kuma da wuya ya dami fata. To, ka ga inda fankar ta cuce ku. Kana korar ruwan, sannan ka rufe fatar babu komai a ciki.

Raɗaɗin da yake sa Baba cije leɓe, ina zargin abu biyu. Yuriya tana da kyau ga kaushi, amma tana zafi a fatar da ta tsage ko aka dirje. Turare kuma yana cikin abubuwan da suka fi tayar da ƙaiƙayi. Kwalbar nan marar rubutu, kada ta sake taɓa jikinsa. Irin waɗannan haɗe-haɗen wani lokaci ana samun maganin bilicin a ciki, mai sa fata ta sirance. Gwangwanin ma ka zubar. In aka cakuɗa mayuka, abin da yake hana su lalacewa yakan yi rauni, kuma in ɗaya yana cutarwa ba za ka taɓa sanin wanne ba ne.

Daga gobe ruwan ya zama mai ɗumi kawai, wankan ya gajarta, sabulun marar ƙamshi. Ka ajiye soson, tafin hannunka ya isa. Ka danna tawul a hankali, kada ka goga, ka shafa mai nan take tun fatar tana da danshi. Basilin kaɗai ya wadatar kafin ku ga likita, safe da yamma, ban da tsakanin yatsu, nan a bushe ake so. Ka yanke masa farce. In fatar ta haɗe, likita zai gaya maka ko man Yaya zai shigo. Duk sabon mai, a gwada shi a ɗan wuri na kwana biyu tukuna.

Saura maganar Yaya. Kada ka riƙe ta a zuciya. Ta ga ƙafar mahaifinta ta yi ja, ba ta san dalili ba, ta yi abin da take ganin shi ne ceto. Kai ka ɓoye mata dalilin. Ka kira ta yau, ka gaya mata komai da bakinka, har da sandar juyawa. Za ta yi faɗa, wataƙila ta yi dariya bayan faɗan, ka daure. Ka roƙe ta ta raka ku asibitin, ka nemi ta ba ka wata ɗaya ta gani. Idan wata ya cika babu sauƙi, ko aikin ya fi ƙarfinka, ka karɓi taimakonta, ba kasawa ba ce.

Abu na ƙarshe ya fi maganar mai muhimmanci. Kowa ya kawo magani, an yi waya, an yanke hukunci a tsakar gida, amma ban ga inda wani ya tambayi mai ƙafar ba. Ɓarin jikinsa ne ya shanye, hankalinsa yana nan. Ranar da kuka taru, ku zauna a gabansa ku tambaye shi inda yake son zama, ku yi shiru har ya gama magana.

Allah ya ba Baba lafiya, ya haɗa kanku, ya sa naku 'ya'yan su yi muku fiye da haka.